Tukwicin Masu Zane

Shekarar da na gama jami'a na koma gida Tasawa da lisansi, wato takardar digiri, a cikin jaka da tsohuwar ordinata, kwamfutar da batirinta ba ya riƙe wuta. Ya kamata in faɗi tun yanzu cewa ba zane na karanta ba, kada wani ya ɗauke ni abin da ban kai ba. Harkar sadarwa na karanta. Zanen tambari a gefe na koye shi, wurin wata ƴar ajinmu, da kuma bidiyoyin da nake kallo in rezo, wato layin intanet, ya yi kyau.

Aiki bai samu ba, sai na shiga gasar zane ta intanet. Yadda abin yake, mai kamfani zai rubuta cewa yana son tambari, kowa a duniya ya zana ya aika, shi kuma ya zaɓi guda ya biya mai shi. Na zana wa wani mai sayar da shayi a ƙasar da ban taɓa gani ba. Na zana wa wata mai wankin karnuka, abin da har yau ban gaya wa babana ba. Sai in yi kwana biyu a kan zane ɗaya, ina gyara layin da ba wanda zai lura da shi, in aika, in zauna jira. Daga baya sai in ga an saka zanen wani an ce shi ya ci. Mu sauran ko sannu ba a ce mana. In innata ta tambaye ni ko an biya ni, sai in ce ana dai dubawa. Ina gaya wa kaina koyo nake yi, kuma wataƙila da gaskiya a ciki, don hannuna ya ɗan faɗa. Amma forfen intanet da nake saye, wato data, da kuɗin yayana ne, kuma shi ba koyo yake yi ba.

Bayan kaka sai ga kiran Goggo, yayar babana, wadda ke zaune a wani ƙauye cikin karkarar Korgom. Ita ce shugabar ƙungiyar matan garinsu masu matsar man gyaɗa. Wani furoje, wato shiri mai taimakon mata, ya samo musu tebur a babbar kasuwar baje koli da za a ci a Maraɗi, wadda mu muke ce wa fuwar. Ba su taɓa kai mansu gaba da kasuwar Tasawa ba. Sharaɗin guda ne, kowace kwalba ta zo da takarda manne mai ɗauke da tambarin ƙungiya. Ma'aikacin furojen, wanda kowa ke kira Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, don ya taɓa koyarwa, ya ba su shawarar a yi konkur, wato gasa: a watsa sanarwa a salula, matasa su aiko da zane, wanda ya ci furoje ya ba shi kyauta. Salular Goggo mai maɓalli ce, ba ta nuna hoto. Don haka lambata aka sa a sanarwar, ni kuma aka ce in zo in zauna da su har a gama.

Ba wanda ya hana ni shiga gasar. Ni na hana kaina, don ina ganin mai riƙe da salula bai kamata ya zama ɗan takara ba, kuma ina tsoron a ce ƴar gida ce shi ya sa.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan Goggo da hantsi, ƙafafuna duk sun yi tsami don rairayin hanya. Kafin in sha ruwa ta ja ni ɗakin ajiya ta nuna mini man. Bido-bido ne, wato jarkoki, jere a jikin bango, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya kama har labulen ƙofa. Kowace mace ta kawo gyaɗar gamanarta, ƴar gonar da take noma wa kanta, suka ɓare, suka soya, suka kai inji, suka matsa tare. Goggo ta ce gyaɗar ke nan, ba wata a rumbun kowa sai ta iri. Abin da ke ɗakin nan shi za a kai Maraɗi, in ya tafi sai baɗi.

Zanen farko ya shigo da la'asar, muna zaune ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida. Ɗigon mai ne ruwan zinariya, da wasu ganyaye kore a gefe. Salula ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowace sai ta goge tafinta a zane kafin ta karɓa. Ma'ajin ƙungiyar, wata dattijuwa ƙawar Goggo tun ƙuruciya wadda ba ta iya shiru, ta kai hoton dab da ido ta ce, "Wanga ganyen mi ne? Ba na gyaɗa ba ne."

Na ce ina jin na zaitun ne, amma ban tabbata ba.

"Zaitun? Mu da ko a mafarki ba mu gan shi ba?"

Aka yi dariya. Goggo ba ta yi ba, tana kallon hoton. Ta ce, "Wa ya aiko?"

Na ce wani saurayi ne a Mayahi.

"Ɗan wa?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Shi ya yi shi da hannunshi?"

"Da ordinata."

"Ordinatar ita kaɗai ta yi, shi yana kwance?"

Na ce a'a, sai mutum ya zauna. Ta tambaye ni zaman nawa ne. Na ce ya danganta, amma irin wannan zai iya cin wuni guda, ko biyu in mutum mai gyare-gyare ne. Ban gaya mata yadda aka yi na sani ba.

Ta juya wurin ma'aji ta ce, "A cika mashi kwalba guda, a ɗaura ƙuli-ƙuli."

Na zaci ban ji daidai ba. Na yi ta bayani a hankali, cewa konkur ba haka yake ba, wanda ya ci kaɗai ake ba, kuma wannan ba a ma ce ya ci ba. Goggo ta bari na gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, mutum ya wuni biyu yana yi maki aiki, ya aiko har ƙofar gida. In ba ki so, mi za ki ce mashi?"

"Ba a cewa komi, Goggo. In bai ci ba shi ke nan."

Ma'aji ta riƙe haɓa ta ce, "Madam lisansi, a lakkwal ɗinku ta boko anka koya maki wannan, ko ke kika ƙaro?"

Na nemi mafita ta wani gefen. Na ce ai tukwici ɗan aike ake ba, wanda ya ɗauko kwano ya kawo, ba mai abin ba.

"To ai shi ya aiki kanshi," in ji ma'aji. "Kin ga ya ci biyu ke nan. Mu dai kwano bai shigo gidanmu ya koma wayam."

Gaskiya ban ƙara musu ba. Wani ɓangare na zuciyata yana lissafin bidon da ke ɗaki, wani ɓangaren kuma yana jin daɗin da ban iya bayyana shi ba, kamar ni aka ce a cika wa kwalbar.

Aikin aikawa ya faɗo kaina. Duk wanda ya turo zane sai in rubuta masa cewa an gode, ba a yanke hukunci ba tukuna, amma ya faɗi inda yake za a aiko masa da saƙo. Na yi ta sake jimlar nan don kada wani ya zaci ya ci, duk da haka na Mayahin ya kira ni yana kabbara, sai da na sha wuya kafin ya gane. Wata ta ce ita ba ta ba baƙo adireshinta, ta san irinmu. Wani da ke Yamai ya ce wasa nake yi, da na dage sai ya ce to yana da gwaggo a Tasawa kusa da tasha, a kai mata. Ɗan kabu-kabun garin ya zama kamar ma'aikacinmu. Kullum da safe sai ya ɗaure kwalabe a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kai tashar Tasawa, ya damƙa wa direbobin Mayahi da na Maraɗi.

Zaman la'asar kuwa ya zama abin da kowa ke jira. Mata suna gama aikin gida sai su taho da tabarmi, wasu da jikoki a baya, a ce Madam lisansi ta buɗe sinima. Akwai wanda ya zana ƙwayar gyaɗa da tabarau da takalmi tana ɗaga yatsa, wata tsohuwa ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Akwai wanda ya zana mace tana daka a turmi ta ɗaga taɓarya sama kamar mai sussukar hatsi. Ma'aji ta ce, "Wagga in haka take matsar mai, gidan duk ya sha tunkuza, har miji." Akwai wani zane mai kyau ƙwarai wanda da na ƙara girmansa na ga inuwar sunan wani kamfani daban a kusurwa, an goge bai gogu ba. Ban nuna musu ba, kuma ban ga laifin mai shi sosai ba. Wanda ya yi kaya aka ƙi saye, ai sai ya kai wata kasuwa.

Sai kuma raƙumi. Daga Issawane ya zo, raƙumi tsaye shi kaɗai, an zana shi da kyau har kana ganin gashin wuyansa, sunan ƙungiyar a ƙarƙashin ƙafafunsa. Mata suka yi ta juya salula ko gyaɗar tana ɓoye a wani wuri.

"Ko shi ke matsa muna man ba mu sani ba?" in ji wata.

"A'a, shi ne shugaba," in ji ma'aji, tana nuna Goggo da baki. "Ba ku ga tafiyar ba?"

Goggo ta jefe ta da ɓawon gyaɗa. Raƙumi ma ya samu kwalbarsa.

Abin da ban hango ba, ko kuma na hango na ƙi kallo, shi ne labari zai bazu. Aka fara faɗa a salula cewa akwai konkur ɗin da kowa ke ci. Zane ya rinƙa shigowa tun ina sallar asuba. Wasu ma'abota zane ne na gaske, wasu kuwa da biro suka yi a takardar makaranta suka ɗauki hoto. Wani ya turo guda uku lokaci ɗaya, aka yi muhawara mai zafi a kansa. Ma'aji ta ce kai ɗaya kwalba ɗaya. Goggo ta ce aiki uku ya yi. Aka tsaya a kan kwalba ɗaya da ƙullin ƙuli-ƙuli babba.

Ni kuwa abinci ya fara fita raina. In na shiga ɗakin ajiya sai in ƙwanƙwasa bidon da yatsa, waɗanda da suke amsawa da nauyi yanzu sai su yi ƙara kamar ganga. Lambata ce a sanarwar, don haka nake jin kamar ta hannuna man ke zurarewa. Na kawo shawarar a koma ƙananan kwalabe. Goggo ta ce na farko da na ƙarshe ba aiki ɗaya suka yi ba? Na kawo shawarar a ware masu biro. Ta ce in nuna mata wanda bai zauna ya yi ba. Na kasa, don ko mai biron ya ja layi da rula, ya shafa launi bai fita gefe ba. Na yi tunanin in ɓoye wasu saƙonni kada in nuna, har na wuni da tunanin, amma na san ba zan iya kallon Goggo ba in na yi.

A cikin haka Mushe ya zo duba yadda ake ciki. Mutum ne mai ladabi, ya tuɓe takalmi nesa da tabarma, ya gaida kowa da ɗaiɗai. Yana cikin shan fura ɗan kabu-kabu ya zo karɓar kwalaben gobe. Mushe ya tambaya ina za a kai su, aka gaya masa. Ya ajiye ludayi.

"Hajiya, ku yi haƙuri, ina jin ban yi bayani da kyau ba. Amfanin konkur shi ne ku samu zane da yawa ku biya guda. Shi ya sa ake yin shi."

Goggo ta ce, "Mushe, in na kira matan garin nan su matsa mani mai, kowace da gyaɗarta da itacenta, in bi in ɗanɗana, in biya guda, in ce sauran su kwashe turamensu su tafi, gobe wa zai amsa sallamata?"

"Ai ba ɗaya ba ne. Su waɗannan sun karanta sharaɗi sun yarda."

"Sun yarda don suna zaune ba aiki. Ga tamu nan," ta nuna ni da ludayi, "ita ma haka take yarda. Uwarta ta ce mani tun da ta dawo take yi wa Turawa zane, har da masu karnuka, ko goro ba ta gani ba."

Ashe innata ta san komi, har karnukan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mata suka kwashe da dariya, ma'aji tana tafa hannu tana cewa, "Karnuka! Madam lisansi, sun dai yi haushin godiya ko?" Ni ma dariyar ta kama ni, na rufe fuska da mayafi.

Mushe ya jira aka lafa. Ya ce shi bai ƙi maganar Hajiya ba, amma in aka ci gaba a haka za su je Maraɗi da takarda mai kyau manne a kwalbar da ba komi ciki. Ya ce teburin nan da ƙyar aka samo shi, in suka je hannu biyu ba lalle a sake kiransu ba. Ina ganin shi ma gaskiya ya faɗa.

Goggo ta tashi ta shiga ɗakin ajiya. Muna jin tana ɗaga bido tana ajiyewa. Ta daɗe. Da ta fito ta zauna ta ce mini, "Danna wurin da ake magana."

Na danna, ta karɓi salular ta riƙe ta nesa da baki kamar mai zafi, ta ce, "Salamu alaikum ƴaƴana masu zane. Ni ce uwar ƙungiya. Mun ga aikinku, Allah shi yi maku albarka. Don Allah ku daina. Mai ya kusa ƙarewa, kuma muna da tafiya Maraɗi. Wanda ya riga ya aiko, nashi na nan tafe. Wanda bai fara ba kar ya fara, ya je ya taya uwarshi aiki."

Na so in gyara saƙon ya yi kama da na ofis, in rubuta shi da Faransanci. Mushe da kansa ya ce in bar shi haka in tura.

Ƙofar konkur ta rufu, man da ya rage bai kai rabin na farko ba a ƙiyasina, kuma har yanzu ba tambari. Muka sake bin zanukan duka daga farko. Kowanne akwai wadda ta so shi, amma ba wanda suka ce wannan mu ne. Na yi ta tunanin dalili. Abin da na iya ganowa shi ne, a cikin duk waɗanda suka zana ba wanda ya taɓa ganin man, ko ya san gyaɗar ja ce ko fara. Ba laifinsu ba ne. Sanarwar ba ta ce komi ba sai sunan ƙungiya da cewa ana son abu na zamani, kuma a konkur ba ka da wanda za ka tambaya. Ni ma haka na zana wa mai shayin nan, ban san ko a kofi yake sayarwa ko a kwano ba.

Ana cikin wannan, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga moto ta tsaya ƙarƙashin bedi. Wani dogon saurayi da rawani ya sauko, ya yi sallama, ya tambayi gidan uwar ƙungiya. Ya ce daga Issawane yake. Mahaifiyarsa ce ta ce ba zai yiwu a aiko musu da mai irin wannan su yi shiru ba, ta ba shi cuku, busasshen nono, ya kawo. Ya kwance ƙullin, ga cuku fari fat an jera shi kamar takardu.

Ma'aji ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai raƙumi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne.

Kafin a jima gidan ya cika. Kowa na son ganin mai raƙumi. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura, aka tsare shi da tambaya: mi ya haɗa raƙumi da man gyaɗa? Ya ce wallahi ba komi. Shi malamin firamare ne na kwantaragi, gidansu makiyaya ne, raƙumi ya fi iya zanawa. Ya ce ya shiga irin wannan gasa ba adadi bai taɓa jin ko amsa ba, don haka ya daina wahalar da kansa, yakan aika abin da hannunsa ya saba. Da direba ya miƙo masa kwalba a tasha, ya zaci an yi kuskuren mutum.

"Ga shi kuma ka kawo cuku," in ji ma'aji. "Yanzu sai mun sake cika wani kwanon. Ku mutanen arewa so kuke ku ƙarasa mu."

A ranar akwai ɗan ragowar gyaɗa da wata ke matsa wa gidanta. Ya nemi izini ya je ya tsaya yana kallo, yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juya ƙullun har mai ya taso. Ya yi ta tambaya. Wa ke sayen manku? In sun saya mi suke cewa? Mata suka rinƙa amsawa suna katse juna. Suka ce nasu ba ya duhu don ba su bari gyaɗa ta ƙone wurin suya. Suka ce masu tuyar ƙosai a Tasawa da ƙamshi suke gane shi tun ba a buɗe ba. Ya ɗauki gyaɗa guda ya ɓare ya daɗe yana kallonta a tafin hannu.

Goggo ta kira ni gefe ta ce, "Wanga ya iya tambaya. Shi za ya yi muna, ke ki sa a ordinata." Na fara cewa ban sani ba ko ya dace, tunda an ce konkur ne, kuma zanen da ya shigar raƙumi ne, kuma ni ƴar gida ce. Ta ce in kira Mushe. Na kira shi a waya, ya ce takardunsu sun ce a ba wanda ƙungiya ta zaɓa, ba su ce sai da wane zane ba. Aka yi magana a fili gaban kowa tun bai ɗauki fensir ba: kyautar furoje ta zama ladan aiki, kashi biyu nasa, kashi ɗaya nawa, kuma za a gyara har sai mata sun ce ya yi.

Sun kuwa sa mu gyara. Gyaɗar farko da ya zana suka ce doguwa ce, tasu gajera ce ja. Ya sake. Suka ce ɓawon ya yi santsi kamar na roba. Ya sake. Na sa rubutun ƙanana don ya yi kyau a ido, wata ta ce mai sayen da bai yi nisa a lakkwal ba fa, sai ya tsaya yana haɗa baƙi a rana? Na ƙara girmansa. Na sa launin kore a baya, suka ce man rawaya ne, a bar shi ya yi kama da abin da ke ciki. Ban taɓa jin daɗin a ce mini aikina bai yi ba sai ranar. Mutum yana gabanka, ya ce ga inda bai yi ba, ka gyara, ya ce yawwa. A ƙarshe abin da ya fito ba wani abin mamaki ba ne: ɓawon gyaɗa a buɗe da ƙwaya biyu ja, ludayi yana tsiyayar da mai a ƙasa, suna da manyan baƙaƙe. Ma'aji ta nemi a saka ɗan ƙaramin raƙumi a kusurwa don tarihi, aka hana ta.

Har yau ina ɗan jin nauyin sauran da suka aiko. Kwalbar mai ba ladan wuni biyu ba ce, kuma ban ce Goggo ta warware matsalar ba. Na rubuta wa kowannensu yadda aka yi, ban ɓoye cewa ni ma ina ciki ba. Biyu ko uku sun nuna rashin jin daɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Mafi yawa sun ce ba komi, wasu suka tambayi ko akwai sauran ƙuli-ƙuli.

Muka buga takardun a Tasawa, muka manna da hannu, muka shiga motar Maraɗi da kwalaye kaɗan, ba kamar yadda aka yi buri ba. Teburin da aka ba mu dogo ne, kwalabenmu ba su cika rabinsa ba. Na tsaya ina kallon na maƙwabta da aka tula kaya har sama. Goggo ko a jikinta. Ta shimfiɗa sabon zane, ta jera kwalaben da tazara tsakaninsu, ta cike gurbin da faranten ƙuli-ƙuli, ta buɗe kwalba guda ta ajiye a gaba don ƙamshi. Ma'aji ta tsaya a bakin hanya tana tare mutane kamar ta san su tun haihuwa.

Kafin la'asar ba kwalba ko guda. Ban san ko takardar ce ta sayar ba, ko ƙamshin, ko bakin ma'aji. Mai kula da teburan ya zo ya rubuta sunan ƙungiyar, ya ce baɗi su zo da ya fi haka. Goggo ta ce in Allah ya kai mu, kuma in an bar su da mansu.

Tunda ba sauran abin sayarwa, muka naɗe zane muka shiga zaga fuwar kamar ƴan kallo. Yanzu matan nan ba abin da suke dubawa sai takardun jikin kaya. Su ɗauki kwalba su juya, su ce wannan rubutun ya yi ƙanana, wannan bai tambayi masu shi ba. Muka tsaya wurin wani mai zuma da tambarinsa ya yi kyau. Ma'aji ta tambaye shi wa ya zana masa. Ya ce konkur suka yi, ya ce da alfahari mutanen da suka aiko sun fi ɗari.

Ma'aji ta dafe ƙirji. "Ɗari! Bawan Allah, kuma zumar ta isa?"

Mutumin ya dube ta, ya dube ni, ya ce wace zuma? Goggo ta ja hannun ƙawarta tana dariya ta ce, "Taho mu tafi, kar mota ta bar mu."